Waiwaye Adon Tafiya Ne, Amma In Ya Yi Yawa Sai Tuntuɓe

Duk wanda ya saba karanta ƙagaggun labarai na Hausa ya san irin littafin nan da kan buɗe da yarinya tsaye a tashar mota da tsakar dare, tana kuka, ƙunshin kayanta a hannu, ba a san inda ta fito ba balle inda ta nufa. Mai karatu ya gyara zama, hankalinsa ya tattaru wuri guda. Yana juya shafi na uku sai ya ci karo da kan magana da manyan baƙaƙe, wai "Asalin Labarin". Daga nan marubuci ya koma kan kakan yarinyar, da garin da ya taso, da fataucin da ya yi, da matansa huɗu, da 'ya'yan kowace ɗaki da sunayensu, da wanda ya yi karatu da wanda ya ƙi. Kafin a gama wannan lissafi an ci shafi ashirin, yarinya kuwa tana nan tsaye a tasha, sanyi na dukanta, har mai karatu ya manta da abin da ya sa ta kuka. Da yawa a nan suke ajiye littafin, ba su kuma komawa kansa.

Wannan cuta ta yaɗu ƙwarai a littattafan da aka riƙa bugawa a Kano tun daga tsakiyar shekarun 1980, ta kuma bi marubuta har cikin labaran da ake karantawa a wayar hannu. Ba kuwa ragwanta ke kawo ta ba. Sau da yawa ma ƙwazo ne ya yi yawa. Marubuci ya yi watanni yana zaune da mutanen labarinsa, ya san tarihin kowa tun daga haihuwa, sai ya ga hasara ce a ce wannan sani duka bai shiga takarda ba. Ga kuma al'ada: Bahaushe ba ya sakin jiki da mutum sai ya san asalinsa, ko aure za a yi sai an bincika ɗan wane ne, jikan wane ne. Saboda haka marubuci yakan ji kamar rashin ladabi ne ya shigo da baƙo cikin labari bai faɗi gidansu ba.

Masu nazarin adabi suna kiran komawa ga abin da ya faru kafin farkon labari da sunan waiwaye. Ba wanda ya ce a daina shi, domin labarin da mutanensa ba su da jiya tamkar bishiya ce da aka kafa ba saiwa. Abin tambaya shi ne yaushe za a waiwaya, da bakin wa, kuma har tsawon wane lokaci.

Tatsuniya ba ta da wannan damuwa. Da an ce ga ta nan ga ta nanku, sai Gizo ya fito da yunwarsa da wayonsa, ba mai tambayar wa ya haife shi ko yadda aka yi ya auri Ƙoƙi, don kowane yaro ya riga ya san shi tun a daren jiya da shekaranjiya. Wahalar ta faro ne sa'ad da aka ce a rubuta dogon labari game da mutanen da ba wanda ya taɓa jin sunansu. A shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta nemi malamai su rubuta irin waɗannan labarai, daga wannan yunƙuri kuwa aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Marubutan nan ba su da wani ƙagaggen littafin Hausa da za su duba su kwaikwaya, amma kowannensu sai da ya yi karo da matsalar waiwaye, kuma hanyoyin da suka bi har yau ba su tsufa ba.

Tambaya kafin amsa

Shaihu Umar ne ya fi cancanta a tsaya a kansa. In an duba da kyau, littafin kusan dukansa waiwaye ne. An fara nuna Shaihu Umar yana dattijo, babban malami a Rauta, kusa da Bauci, almajirai kewaye da shi. Sai aka tambaye shi asalinsa da yadda aka yi ya zo garin, shi kuwa ya buɗe baki. Daga nan ne aka ji labarin Kagara, da Makau mijin uwarsa wanda mahassada suka yi wa sharri a fada har aka kore shi daga gari, da yadda aka sace yaron sa'ad da uwar ta tafi ganin iyayenta, da yadda ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim wanda ya ƙetare hamada da shi ya ba shi ilmi.

Me ya sa wannan dogon tarihi bai gundurar da kowa ba, alhali na yarinyar tashar mota ya kori masu karatu? Dalili na farko shi ne an ɗora tambaya a zuciyar mai karatu kafin a ba shi amsa. Ya ga baƙon malami mai daraja, ya so ya san daga ina ya fito, almajiri kuma ya yi masa tambayar a madadinsa. Na biyu, ba a bar kowa yana kuka a tasha ba. Zaman da aka fara da shi zama ne na natsuwa, malami da almajiransa, ba abin da zai lalace in an daɗe ba a komo kansa ba. Na uku, abin da Shaihu ya faɗa ba jerin sunaye ba ne, aukuwa ce ke bin aukuwa, kowace tana haifar da ta gabanta.

Amma wannan hanya tana da tsada, kuma ya kamata ɗalibi ya lura da yadda marubucin ya biya kuɗinta. Tun da an ga Shaihu Umar da furfurarsa a shafin farko, ba sauran fargaba game da ransa. Ko ɓarawo ya ɗauke shi, ko kura ta zo, ko guguwar rairayi ta binne ayari, mai karatu ya san zai tsira, in ba haka ba wa ke ba da labarin? Sai marubucin ya ɗauki fargabar ya ɗora ta a kan uwar, wadda ba a faɗi makomarta tun da fari ba. Ita ce ta fita neman ɗanta, ita aka yaudara aka sayar, ita ta sha wuyar bauta, kuma sa'ad da suka haɗu daga ƙarshe ba ta daɗe ba ta rasu. Da an sanar da mutuwarta a shafin farko, cikin bayanin asali, da rabin ƙarfin littafin ya zube. Ba mamaki da labarin ya jure sauye-sauye: Mervyn Hiskett ya fassara shi da Turanci a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976.

Abubakar Imam ma ya bi hanyar sa tauraro ya ba da labarinsa da bakinsa, inda Alhaji Imam yake shaida wa Koje Sarkin Labari yadda ya samo ruwan Bagaja. Sai dai shi bai ɓata lokaci a gida ba. Abin da mai karatu yake bukata ya sani kaɗan ne: ɗan sarki ba shi da lafiya, Liman ya ce ruwan Bagaja ne maganinsa, aka wulakanta shi, yaro ya ɗauki alkawarin sai ya samo ruwan. Da an ba da wannan dalili sai aka kama hanya, sauran littafin kuwa na tafiya ne da ƙeta tsakaninsa da Malam Zurƙe. Haka ya yi a littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, wanda ya fito a 1937. Rashin ɗa namiji da Sarki Abdurrahman ya daɗe yana fama da shi, da haihuwar Musa, da rikicin neman aure da Sarkin Sinari, da makircin Waziri, duk an kawo su ne saboda abu guda, watau mai karatu ya gane cewa in Musa ya fita daga fada ransa na cikin haɗari. Da wannan ya zauna, kowane labarin da aku zai bayar ya sami nauyi, domin kowane dare da ya cinye da surutu dare ne da yaron ya tsira.

Ganɗoki ya koyar da wani abu dabam. Kashin farko na littafin ya jingina ne da tarihi na gaskiya, yaƙe-yaƙen da aka yi da Turawa tun daga faɗuwar Bida da Kwantagora a 1901 har zuwa Burmi a 1903, kafin labarin ya juya zuwa duniyar aljanu. Waɗanda suka fara karanta shi shekara talatin kacal ke tsakaninsu da waɗannan abubuwa. Iyayensu sun gani da idonsu, saboda haka ambaton sunan sarki ko na gari ya isa ya tayar musu da tsikar jiki. Ɗalibin da ya ɗauki littafin bayan shekara tamanin ko casa'in yakan tsaya yana laluben wane ne wane. Littafin bai sake ba, masu karatu ne suka sake. Ashe ma'aunin waiwaye ba a hannun marubuci kaɗai yake ba, sai an duba abin da mai karatu ya riga ya zo da shi a kansa. Wanda ke rubuta labarin yaƙin basasar Nijeriya domin waɗanda suka ga shekarar 1967 ba zai auna da mudun da zai auna wa jikokinsu ba.

Shi kuwa Jiki Magayi ya kauce wa waiwaye ne gaba ɗaya. An fara daga farko, da soyayyar Abubakar da Zainabu, da yadda Malam Shaihu mai dukiya ya raba su, da fitar Abubakar neman abin ramuwa. Sa'ad da Kyauta ya tashi ya zama ɓarawo, mai karatu ya san tushen masifar sarai, yaron ne kaɗai bai sani ba. Nan tarihin baya ya zama kaya a kan mai karatu, yana ɗauke da shi yana kallon yaro na tafiya zuwa ga kashe ubansa cikin rashin sani. Wannan ya nuna cewa in marubuci ya ga waiwayensa ya fi labarinsa daɗi da tsawo, to, wataƙila ya fara labarin ne a inda bai kamata ba. Magani shi ne ya koma ya fara daga can.

Ɗigo-ɗigo

Ɗaliban da suka karanta Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958, suna da misali a hannunsu na wata dabarar, watau rarraba tarihin baya a wuraren da ake bukatarsa. A babi na farko an waiwaya ga Unoka, uban Okonkwo, wanda ya shekara goma da mutuwa. Achebe bai jera kakanni ba. Ya nuna mutumin a zaune a ɗakinsa, maƙwabci ya zo karɓar bashi, shi kuwa ya fashe da dariya ya nuna masa zane-zanen alli a bango, kowane rukunin zane bashin wani ne, ya ce sai ya biya manya kafin ya zo kan ƙanana. Wannan zama guda ya wadatar. Sa'ad da aka kai babi na 7, Okonkwo ya sa adda ya sare yaron da ke kiransa uba don kada a ce masa rago, ba a bukatar wani dogon bayani. Mai karatu ya tuna mai sarewar nan da bangonsa na bashi, ya gane abin da mutumin ke gudu.

Abin da ya fi wannan ban sha'awa shi ne yadda aka yi da Ekwefi, matar Okonkwo ta biyu. Tana cikin littafin tun da wuri, ana ganin yadda take lallaɓa 'yarta Ezinma fiye da kima, ba a ce kome ba. Sai a babi na 9, da ta zo tana dukan ƙofa da sassafe tana cewa yarinyar za ta mutu, sa'an nan marubucin ya bayyana cewa 'ya'ya goma ta haifa, tara sun mutu tun suna ƙanana. Da an faɗi haka a shafin da aka fara ambatonta, da ya wuce kamar lissafin ma'aikacin ƙidaya. Da aka ajiye shi sai ranar da ta goma ke kwance da zazzaɓi, sai ya zama abin da ke tsinka zuciya. Yadda ta gudo daga gidan mijinta na fari ta zo wurin Okonkwo kuwa, ba a ba da shi filla-filla ba sai a ƙarshen babi na 11, suna tsaye su biyu a bakin kogo cikin dare suna jiran 'yarsu, kuma 'yan layuka kaɗan ya ci.

Marubucin Sudan Ɗayyib Salih ya ja wannan igiya har ta fi haka tsawo a littafinsa Mausimul Hijra ilas Shimal na 1966. Mai ba da labari ya komo ƙauyensu a bakin kogin Nilu bayan shekara bakwai yana karatu a Turai, ya tarar da wani baƙon manomi mai suna Mustafa Sa'id, mai yawan shiru. Wata rana a wurin shaye-shaye sai bakin manomin nan ya suɓuce ya kama rera waƙar Turanci tsantsa. Wannan suɓutar baki ita ce ƙofar. Tarihin zamansa a Landan, da matan da ya halaka, da ɗaurin da ya sha, duk sun riƙa fitowa ne gutsure-gutsure, wani daga bakinsa, wani daga bakin waɗanda suka san shi, ɗakin da ya kulle kuwa ba a buɗe shi ba sai dab da ƙarshe.

Kada a ɗauka manyan marubuta ba su faɗawa ramin. Victor Hugo na Faransa, a littafinsa Les Misérables na 1862, ya tsayar da labari cak ya ba da babi 19 a kan yaƙin Watalu, inda aka karya Napoliyon a 1815, alhali abin da ya shafi mutanen labarin yana cikin babin ƙarshe ne kawai, inda wani mai satar kayan gawawwaki ya jawo wani hafsa daga cikin matattu. An yafe masa saboda shi Hugo ne, amma masu taƙaita littafin nan suka fi kai almakashi. Sabon marubuci ba shi da wannan alfarma.

A ɗauka wani ma'aikaci yana rubuta labarin tsohon akawun En'e wanda aka kora daga aiki shekara ashirin da suka wuce bisa zargin cin kuɗin haraji, alhali wani ne ya ci. Yanzu ɗan wancan mutumin ya zo neman auren 'yarsa. Hanya mai sauƙi ita ce a buɗe babi a ba da tarihin akawu tun daga elementare. Amma marubucin yana iya farawa da ranar da manema suka zo gaisuwa. Tsoho ya karɓe su da fara'a, ya sa aka kawo ruwa, har aka ambaci sunan uban yaron. Sai ya yi shiru, ya ce rana ta yi, ya tashi ya shiga gida bai yi musu rakiya ba. Da dare matarsa ta same shi ya buɗe tsohuwar adaka yana duban wata takarda da ta yi ja don tsufa, ta ce, "Malam, har yanzu ba ka ƙone takardar nan ba?" Bai amsa ba. A nan ba a faɗi kome ba tukuna, amma mai karatu ya san akwai miki, ya san yana da alaƙa da sunan da aka ambata, kuma zai bi marubuci shafi hamsin don ya ga abin da ke cikin takardar. Ranar da 'yar ta durƙusa gabansa ta ce, "Baba, me ya yi maka?", ranar ce waiwaye ya sami wurin zama, kuma shafi biyu sun ishe shi.

Akwai wata zamba da ya kamata a guje mata a nan. Wasu, da suka ji an ce a sa tarihi a bakin mutanen labari, sai su sa miji ya dubi matarsa ya ce, kamar yadda kika sani, shekara ashirin ke nan da aurenmu, muna da 'ya'ya biyar, babbansu yana jami'a. Ba mijin da ke magana haka a ɗakinsa. Mutum ba ya gaya wa wani abin da dukansu suka sani sai in faɗa ake yi ana gori, ko ana tuna baya cikin nishaɗi. Shi ya sa baƙo, ko yaro, ko almajiri irin na Rauta yake da amfani a labari, don shi yana da hujjar yin tambaya. Gori kuwa, ga marubucin da ya iya, taska ce: kishiyoyi biyu in sun kaure da cacar baki, cikin rabin shafi za su tone asirin gida na shekara talatin, mai karatu kuma ba zai ji an tsayar da labari ba, don faɗan kansa labari ne.

Gajeren labari ya fi kowane tsanani a wannan fanni. Masu shiga gasa irin ta Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara shirya wa mata marubuta a 2016, an ƙayyade musu yawan kalmomin da za su rubuta, saboda haka duk layin da aka kashe a kan kakan tauraruwa an cire shi ne daga bakin ita tauraruwar. Wanda ya gama rubutu yana iya ɗaukar jan biro ya bi duk inda ya waiwaya, ya rufe wurin da tafin hannu, ya karanta abin da ke gaba. In labarin ya tafi daidai ba a rasa kome ba, wurin ya fita. In kuwa wani abu da tauraro ya aikata ya zama ba shi da dalili, sai a mayar da abin da aka rufe, amma a matsar da shi kusa da aikin da yake bayyanawa. Sauran tarihin, da sunayen matan kaka huɗu da 'ya'yan kowace ɗaki, sai ya zauna a littafin ajiyar marubuci, inda zai riƙa dubawa in ya manta wace ce ta haifi wa.